Abin da Zaurenmu Ya Yi wa Auta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugabar wannan taro, manyan baƙinmu da suka ajiye ayyukansu suka zo suka zauna da mu, wakilan bankuna da na kamfanonin sadarwa da ke layin gaba, iyayenmu mata da suka riga mu shiga kasuwa tun ba a san wayar hannu ba, 'yan jarida, 'yan'uwana masu ɗinki, masu saƙa, masu turare, masu kiwon kaji, masu gyaran gashi, har da ku da kuke tsaye a baya saboda kujeru sun ƙare: ina gaishe ku gaisuwar ban girma, ina yi muku barka da zuwa.

Ina godiya ga sabon kwamitin wannan zaure namu na intanet na mata 'yan kasuwa da ya ga dacewar a miƙo mini wannan lasifika. Ga wadda ba ta san ni ba, ni ce mai ɗinkin jakunkunan makaranta, wadda kuke ganin hotunan kayanta kullum da safe har wasu suka gaji. An ce in yi magana a kan amfanin zumuncin kasuwanci ta intanet. Da shugaba ta kira ni, na tambaye ta ko zan iya faɗin abin da ke raina, ta ce in faɗa. To, ranki ya daɗe, ke kika ba ni izini, kuma ina roƙon ki riƙe alkawarinki har in sauka.

Abu na farko, ba zan yi butulci ba. Na ci amfanin wannan zaure. Da keken ɗinki ɗaya na shigo, a lungun ɗakina, tsakanin gado da taga. A nan wata baiwar Allah da ban taɓa ganin fuskarta ba ta nuna mini inda ake sayen zif mai ƙarko a kan sari. A nan na koyi ɗaukar hoton jaka ba tare da ƙafata ta fito a ciki ba. A nan na haɗu da mai makarantar da ta fara ba ni aikin aji guda. Yau ina da shago, ina da mata masu taya ni. Duk wadda ta ce wayar nan ba ta buɗe ƙofa, ba ta gwada ba ne. Wannan shi ne yabon, na kuma yi shi da zuciya ɗaya.

Abu na biyu shi ne ya kawo ni, kuma shi ne zai ɗauki lokaci.

Ina da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ce ta ƙarshe a ɗakinmu, Auta muke ce mata. Tsofaffin 'yan zaure sun san ta, ko da yake na ga wasu sun sunkuyar da kai. Sabulun wankan jarirai take haɗawa. Ta fara ne saboda 'yarta ta fari, wadda fatarta ba ta karɓar sabulun kanti. Ta je ta koyi aikin, ta share ɗakin bayan gidansu, ta kafa tebur, ta sayi ma'auni da safar hannu da robobin kwaɓi. Duk wanda ya shiga ɗakin nan ƙanshin man kwakwa ne ke tarbarsa, ga sabulai jere a kan katako suna shan iska. Har yau akwai tabon soda a hannunta na dama. Ba ta taɓa sayar da kwaɓin da ba ta fara wanka da shi ba, ita da 'ya'yanta. Mijinta malamin firamare ne, yakan yi mata tsiya cewa gidansu ne kaɗai ake yi wa mutum wanka ko bai yi datti ba.

Ni na jawo ta cikin zauren nan. Ba ta so ba, domin mai kunya ce, ko hoton kayanta ta saka sai ta rufe wayar ta tura ta ƙarƙashin matashi. Amma kaya mai kyau ba ya ɓuya. Mata suka saya, suka dawo, suka kawo 'yan'uwansu. Duk wadda ta tambaye ta yadda ake wani abu, sai ta zauna ta yi mata bayani da murya, dalla-dalla, ba ta ɓoye komai. Na sha ce mata ta rage, ta ce ai zumunci aka ce. Daga nan wata mai babban kantin kayan jarirai ta gan ta a zauren, ta ce tana son ta riƙa ajiye sabulun a kantinta. Ranar Auta ta zo shagona tana dariya tana kuka, ta rasa wanda za ta fara.

Ana cikin haka, wata safiya, wata 'yar zaure mai sayar da man shafawa, wadda ita ma ta soma haɗa sabulu da abin da Auta ta koya mata, ta saka hoton wani jariri. Bayan yaron duk ƙuraje, abin tausayi. A ƙarƙashin hoton ta rubuta cewa iyaye mata su yi hattara, ga abin da sabulun wance ya yi wa ɗan maƙwabciyarta. Ta kira sunan Auta, ta kira sunan sabulun.

Jama'a, kun san yadda muke. Kafin Auta ta gama shirya yara zuwa makaranta, hoton ya bar zaurenmu. Ya shiga zauren iyayen yara, ya shiga zauren unguwa, ya shiga zauren dangin mijinta. Kowace ta tura, kowace ta ƙara da nata: wata ta ce dama ta ji ƙaiƙayi, wata ta ce dama arahar ta yi yawa. Matan da suka yi wa 'ya'yansu wanka da sabulun nan tun ranar haihuwa, waɗanda suka sha rubuta mata godiya da furanni, ba wadda ta ɗaga yatsa ta ce ni dai ban ga komai a jikin nawa ba.

Auta ta rubuta cikin ladabi tana roƙon a haɗa ta da uwar yaron, ta kai shi asibiti da kanta, a kuma gwada sabulun a duk inda aka ga dama. Uwar zauren wancan lokacin, wadda ke da ikon shigarwa da fitarwa, ba ta amsa mata ba. Sai kawai muka ga an rubuta cewa an cire ta. Na kira uwar zaure na tambaye ta dalili. Ta ce sunan zaure take karewa, akwai manyan mutane da ke shirin tallafa mana, ba ta son hayaniya. Na ce ai ba a ji ta bakin yarinyar ba. Ta ce mini: "Ke ma ki bi a hankali, jininku ɗaya."

A satin mai kanti ta aiko a kwashe kayan daga kantarta. Ba ta yi faɗa ba, ta ce ita ba ta san gaskiya ba, amma masu saye sun ga hoton. Surukar Auta ta zo har gida ta kwashe sabulan da ke banɗaki ta zuba a shara, ta ce ba za a kashe mata jikoki ba. A bakin makarantar da mijinta ke koyarwa wata uwa ta tare shi tana tambayarsa ko ya san abin da matarsa ke sayarwa. Na je na sami ƙanwata a ɗakin nan na baya, tana zaune a ƙasa tsakanin katakai cike da kayan da ba mai so. Ba ta yi kuka ba. Abin da ta ce mini kawai shi ne: "Yaya, to yaron fa? Ya warke?"

Wannan ce matar da aka kora.

Gaskiya ta fito, amma ba mu muka nemo ta ba. Uwar yaron ce ta ga hoton ɗanta tsirara a wayar ƙanwar mijinta, ya zagayo ya dawo gida. Ashe ƙurajen zafi ne suka fito masa tun watannin baya, ta tura wa maƙwabciyarta hoton tana neman shawarar abin da za ta shafa masa. Ba ta taɓa sayen sabulun Auta ba, ba ta ma san da shi ba. Matar nan ta yi magana da murya, cikin fushi, ta faɗi duk wannan, ta ce a kai wa duk wanda ya ga hoton. Na saka muryar a zaurenmu. Ba a jima ba aka goge. Na sake sakawa, aka sake gogewa, aka rufe zauren yadda shugabanni kaɗai ke iya magana. Washegari aka buɗe da sanarwa cewa a bar tone-tone, mu mata ne, mu rufa wa juna asiri, mu fuskanci gaba. Aka bi sanarwar da hotunan tafi da na zukata. Kafin azahar an koma tallan atamfa.

Hoton ƙarya ya shiga kowane gida, muryar gaskiya ko ƙofar zaure ba ta fita ba. Wadda ta yi ƙazafin ba a cire ta ba, ba a ko ja mata kunne ba. Asirin da aka ce a rufa, nata ne. Na Auta kuwa an riga an watsa shi a titi.

Ƙanwata ta yi ƙoƙarin tashi. Ta sauya wa sabulun suna, aka gane. Ta rage kuɗi, aka ce kun gani. Daga ƙarshe ta sayar da ma'aunin da teburin, ta wanke ɗakin, ya koma wurin ajiye tarkace. Yanzu tana aiki a ɗakin wanki na wani asibiti, tana wanke zannuwan gado da sabulun da wasu suka haɗa. Ba na raina aikin, halak ɗinta take ci. Amma ni na san abin da hannun nan ya iya.

Abu na uku tambaya ce, kuma ku nake tambaya. Mene ne wannan zumuncin da muke taruwa muna yi wa biki? Idan zumunci shi ne in yaba hotonki ki yaba nawa, muna da shi. Idan zumunci shi ne mu kira juna 'yar'uwa, hajiyata, masoyiyata, muna da shi har ya yi yawa. Amma idan zumunci shi ne a tsaya wa mace ranar da sunanta ke ƙonewa, to ban gan shi ba. Ana koya mana yadda za mu tallata kaya, yadda za mu ja masu saye, yadda za mu yi magana da banki. Ba wanda ya koya mana mu dakata kafin mu danna tura. Mace 'yar kasuwa ba ta da gini, ba ta da lauya, ba ta da allon talla a bakin titi. Sunanta ne shagonta. Shekaru take yi tana gina shi, babban yatsa ɗaya ke rushe shi, mai yatsan kuma tana kwance a kan kujera tana cin gyaɗa.

Abu na huɗu, roƙo ne ga sabon kwamiti, domin na san ba ku ne kuka yi wancan aiki ba. Ina roƙon kada a sake cire mace daga zauren nan sai an ji ta bakinta. Ina roƙon duk wadda ta kawo zargi ta kawo mai abin, ba hoto ba. Ina roƙon idan ƙarya ta bayyana, a bi ta da gyara har duk inda ta shiga, da ƙarfin da aka yaɗa ta. Ku kuma masu tallafi da ke layin gaba, idan za ku tambaye mu yawanmu, ku riƙa tambayarmu su wa suka fita, da abin da ya fitar da su. Kada a sake yin shiru da sunanku.

Na nemi Auta ta biyo ni yau, ta ce tana da aiki. Na tambaye ta ko akwai saƙon da zan isar. Tana ninke zani, ta ce: "Ki ce musu ba na neman a mayar da ni. Amma har yau 'yata tana tambayata ko da gaske na cuci jariri, don a makaranta aka gaya mata. Wadda ta san amsar ta zo ta faɗa mata da bakinta."

Wadda ta saka hoton tana cikin wannan ɗaki. Waɗanda suka tura shi suna nan, da yawa. Ba zan nuna kowa ba, ba don haka na hau nan ba. Gidan Auta bai tashi daga inda yake ba, kun san shi, kun sha aika masu babur su karɓo muku kaya a ƙofarsa. Kada ku tura saƙo, kada ku tura hoton hannaye biyu. Ku taka da ƙafarku ku je, akwai yarinya a can da ke jiran amsa.

Allah Ya tsare mana sunayenmu, Ya tsare na wasu daga yatsunmu. Allah Ya sa albarka a sana'ar kowace mace da ke nan, da ta wadda aka hana zuwa. Allah Ya ba sababbin shugabanninmu ƙarfin yin adalci ko da zai jawo hayaniya. Allah Ya saka wa wanda aka zalunta, Ya ba wanda ya yi zalunci ikon gyarawa tun yana da sauran numfashi. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya sa mu tarar da iyalanmu lafiya.

Ranki ya daɗe, kin cika alkawari, kin bar ni na kai ƙarshe. Na gode.