Almakashi a Aljihu

Motar ba ta cika ba tukuna. A kan bencin tasha, wata mai sayar da ƙwai ta hangi almakashi ya leƙo daga aljihun tsohon da ke gefenta, hannunsa na dama kwance a cinya kamar ba nasa ba.

"Baba, tela ne kai?"

"A da, 'yata, kafin ɓarin jikina ya shanye. Asibiti uku na je, duk ƙwaya suka ba ni. Sai na ji labarin wata likita a ƙarshen hanyar nan, ranar Laraba kaɗai take zuwa. Ba ta allura, hannu take koya wa aikinsa."

"Hannu kuma? Kamar ɗan makaranta?"

"Wai sai ta tambaye ka abin da ka fi kewa, ta ce ka zo da shi. Wani manomi fartanya ya kai mata. Ni kullum a mafarki yadi nake yankawa, shuɗi, mai laushi, ba ya ƙarewa."

"In ka je ba ta zo ba fa?"

"Laraba ai ba ta ƙarewa."

Ta jujjuya ƙwai ɗaya a tafinta.

"Mahaifiyata ma shekara biyu ke nan, a baki nake ba ta abinci. Ban taɓa tambayarta abin da take kewa ba."

"Me take yi a da?"

"Kitso." Ta shafa ɗankwalinta a hankali. "Tun da ta kwanta ban bar kowa ya taɓa kan nan ba."

"To, ke ce almakashinta, 'yata. Laraba mai zuwa ku zo tare."