Hantar Ɗan Farina

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya tsayar da ni a gabanku yau da ƙafafuna.

Sunana Saratu, daga wajen Durba. Waɗanda suka gan ni bara waccan sun san yadda na koma: idanu sun yi rawaya, ciki ya kumbura kamar mai juna biyu da tsufana. Na ce ciwon shawara ne. Babu saiwar da ban jiƙa na sha ba, duk wanda ya je kasuwar Rano sai ya riƙo mini ƙullin magani. Da aka kai ni asibiti a Kano, likita ya ce hantata ta gama aiki, sai dai dashe.

Ya zaunar da mu ya yi bayani. A da, in ji shi, sai an jira wani ya rasu. Yanzu kuwa ana yankar ɓangare daga mai rai a sa wa marar lafiya, hantar kuma ta sake tofowa a jikin su biyun. Amma sai an fita ƙasar waje. Aka gwada jinin 'ya'yana, wanda ya dace shi ne ɗan farina.

Nan na kafe na ce ban yarda ba. Kun san kunyar ɗan fari a wurinmu. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. In ya shigo gida sai in kau da kai, in ce a tambayi "wannan" ko ya ci abinci. Yaron da ban taɓa rungumarsa a gaban mutane ba, shi za a tsaga saboda ni? Ga shi da mata, ga yara ƙanana. Na ce a mayar da ni gida in mutu a ɗakina.

Ya zo ya durƙusa a bakin gado, ya ce, "Inna, da kika ba ni jikin nan ba ki yi shawara da ni ba. Ni ga shi ina roƙonki ki karɓi kaɗan daga ciki."

Na juya wajen bango na yi kuka, na yi addu'a. Na ce, Ya Uba, kai ba ka ji kunyar kiran Ɗanka ƙaunatacce a gaban jama'a ba, ka cire mini taurin kan nan. Kafin in share hawaye zuciyata ta kwanta, na ce masa to.

Ikilisiya ta tsaya mana, dangi suka tsaya, har maƙwabcinmu Alhaji mai motar kaya bai zauna ba. Aka tafi, aka yi aiki, muka farka mu biyu. Yabo ga Ubangiji!

Yanzu kullum ina shan ƙwayoyin da ke hana jiki ƙin sabuwar hanta. Likitan ya ce suna ta neman hanyar rage su, suna kuma fatan nan gaba a riƙa yin aikin a kusa da gida. Ni dai ina cin tuwona, har gyaɗa na shuka bana. Ɗan nawa ma ya koma gonarsa.

Na gode wa Yesu da ya ƙara mini kwana. Mai ciwo a cikinku kada ya fid da rai, ya je asibiti da wuri, ya dogara ga Allah. Saura abu ɗaya da na yi wa Ubangiji alkawari zan yi a gabanku.

Bitrus, ɗana, tashi su gan ka. Na gode.