Ruwan da Na Bari a Murhu

Ƴan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, makiyayin da ba ya gyangyaɗi.

Kun san ni. A zumuntar mata ta Gazawa babu wadda ban taɓa yi wa faɗa ba. In yarinya ta ɗaura kallabi a karkace, na gani. In wata ta yi hamma ana wa'azi, na gani. To yau ku ma ku gan ni.

Shekarar da aka buɗe jam'iyyu, maza suna ta gardama a bakin rediyo, ita ce shekarar da maigidana ya koma ga Ubangiji. Gida ya yi shiru. In na dama fura sai in dama ta mutum biyu, sannan in tuna.

A ranin nan maƙwabcinmu, wani ɗan kasuwa, ya hauro da tele da bidiyo da injin wuta daga Najeriya. Da la'asar matarsa, Hajiya Rabi, takan kunna wa mata fim ɗin Indiya a tsakar gida. Ni shigata ta farko don in koro ƴan matan ikkilisiyarmu ne, har da tsumagiya a hannu. Sai ga wata mata a cikin akwatin telen tana kuka a kan gawar mijinta. Ba na jin yarensu, amma kukan na ji shi.

Hajiya ta ce, "Inna Hannatu, kaset ɗin da tsawo, ga tabarma."

Na zauna.

Muddin ana kallo ba na tuna kabari. Da an kashe inji kuwa baƙin cikin ya dawo, ya fi na jiya. Awakina suka rame. Na daina zuwa addu'ar Laraba, na ce ƙafa ke ciwo, ƙafar da ke kai ni gidan Hajiya kullum. Ko a sujada na rufe ido, mutanen akwatin nake gani suna rawa.

Ana nan sai ɗiyata ta fari, wadda ba na kama sunanta saboda kunya, ta zo gida haihuwar fari kamar yadda aka saba. Ta sauka lafiya, namiji. Wankan jego aikina ne: safe da yamma in tafasa ruwa a babbar tukunya, in sauke, in tsoma ganyen dogon yaro in fyaɗa mata. Mai jego ba ta ɗaga tukunya. Kowace tsohuwa ta san wannan, ni kaina na sha koya wa wasu.

Ran nan na ɗora ruwan yamma, sai na ji inji ya tashi. Ƙarshen labarin da muka fara jiya za a sa. Na ce wa ɗiyata, "Ke, duba wutar nan, yanzu zan dawo."

Ta ce, "Inna, jiya ma haka kika ce, sai da ruwan ya huce."

Na ce, "Ni kike sa wa ido?" Na fita.

Rana ta yi ƙasa, ruwa yana ta tafasa yana raguwa. Tsoro ya kama ta, don mu muka gaya mata mai jegon da ta tsallake wanka jikinta kumbura yake yi. Ta kama tukunyar ita kaɗai, hannu ba ƙarfi. Ruwan ya kwaro mata daga cinya har tafin ƙafa.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ta yi ihu, ban ji ba, waƙa ake yi. Hajiya Rabi ce ta miƙe ta kashe tele, ta ce, "Wannan kukan ba na cikin akwati ba ne."

A amalanke muka kai ta likita. Uwar mijinta ta zo daga Agiye, ta dubi ƙafar, ta dube ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Hannatu, ba a yi arba'in ba, amma zan tafi da su. Mu maƙwabtanmu ba su da tele."

Mai jego ta bar gidan uwarta kafin arba'in. Duk gari ya ji.

Abin da zan faɗa yanzu shi ya fi muni. Kashegarin tafiyarsu, da la'asar inji ya tashi, sai na tarar da kaina a bakin ƙofa, mayafi a kafaɗa. A nan na gane ba ni ke jan akalar kaina ba.

Na koma na durƙusa gaban murhu, inda tukunyar take kife, ba wanda ya ɗaga ta. Na ce, "Yesu, ni ban iya karanta Littafinka ba, amma kai ka iya karanta ni. Ka kwance ni." Sannan na kira sunan ɗiyata da bakina, abin da ban taɓa yi ba tun da na haife ta. Na ce, "Ga Rifkatu, ka riƙe ta, ni na sake ta." Kukan rashin maigidana da nake ta gudu, a ranar na yi shi. Inji yana ruri a bayan katanga, ina nan durƙushe har aka kashe shi.

Daga nan matar fasto ta riƙa zuwa kowace la'asar, muna ɓarar gujiya, tana gaya mini Zabura da ka, har kunnena ya daina neman ƙarar injin. Ban ƙara zama a gaban akwatin nan ba. Yabo ya tabbata ga Ubangiji!

Amma ba zan yi muku ƙarya ba. Rifkatu tana ɗingishi har yau. Haihuwarta ta biyu a Agiye ta yi, ba a aiko a kira ni ba. Na aika da gero da kanwa, an karɓa, an ce an gode.

Na gode wa Allah da ya cire ni daga wannan ɗauri. Ke da kike gudun abin da ke cin zuciyarki, ki kai shi wurin Yesu tun kafin wani ya ƙone a madadinki. Ku dogara gare shi, ba ya yar da nasa. Ku kuma sa ni a addu'a: Rifkatu tana da ciki na uku, kuma ban ji inda za ta haihu ba tukuna. Amin.