Wa Ke da Kalmar "Akwai"?

Shugaban wannan zama, wanda ya riga ya duba agogo tun kafin in buɗe baki, shugabannin ƙungiyar direbobi, malamanmu da ke jere a gaba, iyayenmu mata, 'yan'uwana fasinjoji, na zaune da na tsaye a baya kamar yadda muka saba a mota, ina yi muku sallama da fatan alheri.

Ina godiya ga waɗanda suka shirya taron nan, suka ba ni minti goma da lasifika. Zan yi ƙoƙari kada in aikata da ita laifin da aka tara mu a kansa.

Tambayar da ke gabanmu ɗaya ce: a hana wa'azi a motocin layinmu, ko a bari? Ni ba malami ba ne, ba kuma direba ba. Aikina gyaran rubutu a maɗaba'a, shekara ashirin da biyu ina farautar harafin da ya ɓata hanya. Saboda haka kalma ɗaya tak na kawo muku, ita ce "akwai".

Abu na farko, yadda lamarin ya fara. Kowa ya san in mutum zai sauka, cewa yake "Akwai!", wato akwai mai sauka, direba ya gangara gefe. To wata uku da suka wuce, wani dattijo dogo, mai tsabta, ya fara shiga motar ƙarfe bakwai daga shataletale, da 'yar lasifika rataye a wuya. Mutane suka sa masa Mai Lasifika. Salon wa'azinsa kuwa shi ne, "Akwai mutuwa! Akwai hisabi! Akwai ranar da za a tambaye ka!" Duk "akwai" ɗaya, birki ɗaya. Ran farko na ƙirga birki goma sha ɗaya tsakanin shataletale da gada, goshina ya gaisa da kujerar gaba sau uku. Direba ya waiwayo ya ce, "Wai wa ke sauka ne?" Dattijon ya ce, "Dukanmu, ɗana, wata rana." Direba ya ce, "To Baba, waccan tashar ba a layina take ba."

Mun yi dariya, ni ma na yi. Amma abu na biyu ba na dariya ba ne. Da direba ya gaji da birkin banza, sai kunnensa ya daina ɗaukar kalmar gaba ɗaya. A cikinmu kuwa akwai wata baiwar Allah da muke kira Iya, mai goge daɓen asibiti, murya ƙarama, gwiwa kumbura. Tana cewa "akwai", lasifika na haɗiyewa. Sai an haye gada ake sauke ta, ta dawo da ƙafa, tafiyar minti ashirin. Wata safiya ta miƙo mini takarda ta ce, "Ɗan nan, kai mai tabarau, duba mini abin da suka rubuta." Na duba. Gargaɗi ne daga wurin aikinta: ta makara sau biyu, in ta ƙara, aiki ya ƙare. Na nemi kuskure ko ɗaya a takardar nan, saboda sabo, ban samu ba.

Me muka yi, mu masu hankali? Wasu sun toshe kunne da waya. Wasu sun yi ta harara, kamar harara na rage murya. Wani ma'aikacin banki ya tashi zai yi wa dattijon gardama, muka koma muna da masu wa'azi biyu. Ni kuwa na ɓuya a bayan jarida ina tsaki a hankali, yadda ba wanda zai ji. Cikinmu duka babu wanda ya tambayi mutumin nan komai.

Abu na uku ke nan. Son sani ya fi ƙarfina, na bi shi har ƙarshen layi, muka zauna a bencin tasha. Na ce, "Baba, me ya sa mota? Me ya sa ihu?" Sai ya amsa mini da murya mai laushi, har sai da na matso. Ya ce shekara goma sha takwas ya yi yana kwandasta, a bakin ƙofar mota muryarsa ta girma tana gasa da inji. "Na daɗe ina kiran mutane su shiga," in ji shi, "na ce bari in ƙarasa kwanana ina tuna musu sauka."

Na ba shi labarin takardar Iya. Sai ya ce, "Mai zama kusa da taga, da jaka shuɗiya? Subhanallah. Ai ni na ɗauka amsa mini take yi. Kullum in na ce akwai hisabi, sai in ji ta ce akwai. Har na gaya wa mai ɗakina, duk motar nan mutum ɗaya ce ke saurarona."

Jama'a, ku duba wannan. Wata uku yana yi mata addu'a a matsayin ɗalibarsa, ita kuwa so take ta sauka.

Washegari, da muka doshi asibiti, na ga ya kashe lasifika ya kasa kunne. Iya ta ce "akwai". Dattijon ya buga jikin mota sau biyu da tafin hannu, bugun tsohon ma'aikaci, ya ce, "Direba, akwai! Wannan ta duniya ce!" Mota ta tsaya cak a bakin ƙofar asibiti. Iya ta sauko da ƙafa ɗaya, ta juyo ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Malam. Yau kam na amfana da wa'azinka."

To ga shawarata, in shugaba ya yarda. Lasifika ta zauna a jaka, domin mota ɗaki ne da ba a iya fita daga cikinsa, kuma a ciki akwai mai ciwon kai, akwai mai jariri, akwai wanda addininsa daban. Mai wa'azi ya nemi izini, in an ce a'a ya haƙura. In an doshi tasha, a yi shiru. Kalmar "akwai" kuwa, a cikin mota, a bar wa mai sauka. Wanda ya ga a hana gaba ɗaya, ba zan yi faɗa da shi ba, amma kafin ya ɗaga hannu ya je ya tambayi nasa mai wa'azin, domin ni ban san abin da zan tarar ba sai da na tambaya. Iya ba ta cikin ɗakin nan, tana wurin aiki, kuma yau ma a kan lokaci ta isa.

Na ji wani daga kujerun baya yanzu ya ce "akwai". Na fahimta, zan gangara gefe.

Allah ya tsare direbobinmu, ya ba malamanmu hikima daidai da muryarsu, ya ba mu kunnen jin mai ƙaramar murya. Allah ya sauke kowa a tasharsa, ta nan da ta can, lafiya. Na gode.