Baƙin Gefen da Mama Ta Ce a Maido

"Cuta ce! Gobe zan mayar wa mai shagon Sabon Gari," in ji Babana, yana nuna baƙin da ya bayyana a gefe biyu na sabon allon kwamfutarsa mai faɗi.

Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Hadiza ce daga Fagge.

Tsohon bidiyon aurensu da Mama muke kallo. Na ce tsohon hoton ne ba shi da faɗi, allon lafiyarsa ƙalau. Digirina bai gamsar da shi ba. Sai na danna maɓallin faɗaɗa hoto, hoton ya baje ya cika allon. Nan take amarya ta koma kamar randa.

Mama ta ce, "Alhaji, wace ce wannan ka aura? Hadiza, maido min da baƙina!"

Baba ya fasa mayarwa. Na ja musu ƙofa suna ta dariya, na tafi.

Ina gaida mai shagon. Bai ma san ya tsira ba.