Darasin da Aina'u Ta Kawo Gida

A tashar Ɗanbatta motar Kano ta ƙi cika, amma Malam Sha'aban, manomin nan mai 'ya'ya mata reras, shi kam ya cika fam. Sai ya juye wa wata baƙuwa da ke gefensa a benci.

"'Yar nan, cire 'yata Aina'u zan yi daga sakandare! Wai bayoloji! Ta kawo mini tuwo, sai cewa ta yi, 'Baba, malamarmu ta ce namiji ko mace daga uba ne.' A gaban uwarta!"

"To, Baba, ƙarya ta yi?"

"Rashin kunya ta yi! Allah ke bayarwa!"

"Shi ke bayarwa, amma ta irin uba yake bayarwa. Ka taɓa shuka gero gona ta ba ka dawa?"

"Ke ma bakinku ɗaya! Tun haihuwar fari nake gaya wa uwarta jininsu ne, danginsu duk mata suke zubawa!"

"Au! Ɗazu Allah ne, yanzu kuma uwarta?"

Malam ya gyara hular da ba ta karkace ba.

"Da zan ga malamar nan..."

"Ga ta a gefenka. Aina'u ce ta ɗaya a ajina. Cire ta, amma ai uwarta ta riga ta ji."

"Ji? Guɗa ta rangaɗa, har maƙwabta suka leƙo!" Ya yi ƙwafa. "Za ki gan ta ran Litinin. Ba don ke ba fa. Uwarta ce ta rantse in na cire ta, a gidan biki za ta maimaita darasin."