A Bar Mana Karan Algaita a Bakin Mayo

Assalamu alaikum. Shugaban taro, Jauron Bahuli, limamai da fastoci, shugabannin manoman rani, iyayena da 'yan'uwana, ina gaishe ku, ina kuma godiya da kuka ba ni dama. Sunana Hapsatu. Da girmana na koyi karatu, in na yi tuntuɓe a takardar nan ku yi mini haƙuri.

Mutanen gida suna gaisuwa. 'Yata Rukayyat ta sauka lafiya, ɗana Mahmoud ma ƙalau. Maigidana ne, Malam Yaji mai algaita, ɓarin jikinsa ya shanye, shi ya sa na zo a madadinsa.

Maganata a kan ciyawar bakin mayo ce, wato bakin rafinmu, wadda aka ce ranar Asabar za a ƙona, a tuge saiwarta, a shuka albasa. A idonku ciyawa ce. Mu kuwa a cikinta muke yanko ɗan karan da ake sa wa a bakin algaita, wanda in babu shi ba ta kuka.

Ina tuna Malam a bakin zaure yana gyaran karan. Ba ya taɓa ɗanye, sai wanda ya bushe a tsaye. Ya jiƙa shi a baki, ya matse kansa, ya ɗaure gindin da zare, ya kankare da reza kaɗan-kaɗan, ya busa, ya karkata kai. In ce, "Malam, tuwo zai huce." Ya ce, "Dakata, Hapsatu, wannan har yanzu mura yake yi." Da karan nan aka raka amaren Bahuli, na masallaci da na coci. Da shi aka raka iyayen wasunku.

Yanzu Mahmoud ke busa. Ya gwada karan wani wuri, ya tsage. Ya gwada robar shan lemo, uban daga kwance ya ce, "Wa ya shigo mana da agwagwa?" Mun yi dariya, amma Mahmoud ya ce in wurin ya tafi zai ajiye algaita ya nemi tuƙi a Yola. Tsorona ke nan, ya tafi ubansa yana kwance.

Ban hana ku albasa ba, ni ma da ita nake miya. Roƙona ku bar mana ciyawar da ke gefen tsamiyar nan ta bakin mayo kaɗai. Don Allah ku aiko da amsa kafin Juma'a, domin in a'a ce, mu je mu yanki na ƙarshe kafin wuta.

Allah ya albarkaci nomanku, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.